Labbo Mai Fenti da Fuskar Inna

Bana shekara talatin da shida ke nan da rasuwar Labbo Mai Fenti. Da damina ya rasu, a gidansu na Anka, bayan ciwon ƙirji da ya daɗe yana fama da shi. Ba a sa wa wani titi sunansa ba, kuma in ka je Anka yau ka tambayi matasan tashar babura wane ne Labbo, za su ɗauka wani ɗan kabu-kabu kake nema. Ni kuwa abokina ne, unguwa ɗaya muka tashi. Shi ne ya nuna mini fuskar mahaifiyata, alhali tana raye, kuma ina zuwa gaishe ta duk ranar kasuwa. Shi ya sa na ga ya kamata in tuna da shi a wannan fili tun ina da sauran idon rubutu.

Labbo bai koyi zane a makaranta ba. Mahaifinsa magini ne, irin masu yi wa ƙofar zaure ado, shi kuma yana kwaɓa masa farar ƙasa. Da ya tasa sai ya bi wani mai fentin motoci zuwa Gusau, ya yi ’yan shekaru a can. Ya dawo gida a ƙarshen shekarun saba’in, lokacin da gingimari ke ta kwararowa da siminti da kwano ana gina makarantun firamare a kowane ƙauye. Direbobi suna son ado, shi kuma ya iya, don haka ya zauna a bakin tasha yana zana musu furanni da shaho da zaki. Gaskiya zakin Labbo ba abin tsoro ba ne. Na sha gaya masa ya fi kama da ragon da aka hana dusa, shi kuma ya ce ai bai taɓa ganin zaki ba, rago kuwa kullum yana gani.

Wani mai aski ne ya juya masa rayuwa ba tare da ya sani ba. Ya ba shi aikin allon shago, irin wanda ake jera kawuna a nuna salon aski. Labbo ya zana kawunan, aka kafa allo. Kafin la’asar mutane sun taru suna dariya, domin kan da ke tsakiya ba na kowa ba ne illa na Ɗan Ige mahauci. Ba kamar ce kawai ta ba mutane dariya ba. Ɗan Ige yana da wata fuska da yake yi in an taya masa nama da arha, ya ɗage gira ɗaya ya karkace baki, kamar an zagi kakarsa. Ita ce Labbo ya ɗora a kan allo. Mahaucin ya zo da wuƙarsa a kugu yana neman wanda ya yi masa wannan cin fuska. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi mai aski ko zai sayar masa da allon.

Daga nan Labbo ya rage zanen motoci ya koma fuskokin mutane. Kayan aikinsa ba su da yawa. Fentin gwangwani ne irin na mota, da kananzir na wanke buroshi, da guntayen falankin akwatin shayi da yake gogewa da yashi har su yi santsi. Buroshin kanti ya yi masa kauri, sai ya riƙa zuwa mahauta yana karɓo gashin cikin kunnen bijimi, ya ɗaure a tsinke da zare. Da wannan yake yin ƙasan ido da gefen baki, inda ya ce nan ne zuciya take leƙowa.

A zamanin akwai mai hoto guda a Gummi, wani kuma yana zagaya kasuwanni da akwatinsa da baƙin ƙyalle. Duk wanda ya ga hotunan lokacin ya san yadda muke yi. Mutum ya zauna a miƙe, ya ɗora hannu a gwiwa, ya zare ido, ya ɗauke numfashi. Murmushi a hoto rashin kamun kai ne. Labbo ya ce mutanenmu suna da fuskar hoto kamar yadda suke da rigar Salla, ana ciro ta ne in an ga baƙo, a mayar in ya tafi. Shi ba ita yake nema ba. Saboda haka bai taɓa zaunar da mutum a gabansa ya ce kada ya motsa ba. In ka ba shi aiki, sai ya tambayi inda mutumin yake wuni. Ya je ya zauna can gefe, yana cin goro, yana hira da wani, har sai mutumin ya manta da shi. Ba ya ɗaukar fensir ko takarda. Da ido yake kwasowa, ya koma gida ya juye a katako.

Wannan hali ya jawo masa asara a lokacin siyasar farar hula, da ’yan takara ke neman a zana su a bangaye. Aka kawo masa hotuna aka ce ya kwafa, a ƙara haske, a rage tumbi. Ya yi guda biyu ya ajiye buroshi, ya ce wannan aikin mai wanki ne. Malamai kuma sun yi masa magana a kan zanen abu mai rai, wasu da nasiha, wasu da zafi. Bai yi gardama da kowa ba. Ya riƙa yin zanensa ƙanana, yana kuma gaya wa masu karɓa kada su rataye inda ake salla. Ban zo nan don in ba da fatawa ba, ba ni da ilimin. Abin da na gani kawai nake faɗa.

To, ga yadda aikinsa ya shafe ni. Ni ɗan fari ne a wurin mahaifiyata, Bafulatana daga wata ruga a yankin Nasarawa Burkullu. Wanda ya san Fulani ya san abin da wannan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, kuma abin yabo ne a wurinsu. Ana yaye ni aka kai ni wurin kawuna a Anka, can na yi makaranta har na zama malamin firamare, aka tura ni Gummi. Duk ranar kasuwar Nasarawa nakan hau keke in je in gaishe ta inda take sayar da nono. In durƙusa in ce, “Inna, kin wuni lahiya?” Ita kuma ta amsa wa ƙwarya. In za ta ba ni fura, sai ta miƙa wa ta kusa da ita ta ce, “Ba malamin ga.” Ƙannena kuwa tana kiran su da suna, tana yi musu faɗa, tana dariya da su. Har faɗan nan na yi kishinsa.

Na san al’ada ce. Kowa ya gaya mini al’ada ce, ni ma na gaya wa wasu. Amma sanin al’ada bai hana ni jin zafi ba. Ina da shekara kusan talatin, ina koyar da ’ya’yan mutane, amma a cikin raina ban tabbata ba ko kunya ce kawai take rufe fuskar Inna, ko kuwa babu komai a ƙarƙashin kunyar. An raba mu tun ban iya magana ba. Mene ne zai hana a ce ta saba da rashina?

A farkon shekarun tamanin na sami gurbin ƙaro karatu a Zariya, tafiyar da za ta ɗauke ni shekaru. Na so in tafi da hotonta. Na roƙi ƙanwata Hajara ta lallaɓa ta zuwa wurin mai hoto, ba tare da ta ce ni ke so ba. Hoton ya fito. Ga Inna a zaune a miƙe, ido a gefe, baki a rufe gam. Fuskar da na saba gani ce, an ƙara mata baƙi da fari. Na kai wa Labbo na ce ya yi mini wani abu da shi, ko launi ne ya sa. Ya duba, ya miƙo mini abina.

“Ba ni kwahe wanga,” ya ce. “Kuma kak ka kawo min ita. Kai dai tahi ka gaishe ta awa yadda ka saba, ni ina nan wajen masu goro. In ka tashi tahiya, kak ka waiwaya.”

Haka aka yi. Lokacin hutun makaranta ne, ina Anka wurin kawuna, don haka kasuwa bayan kasuwa muna zuwa tare, mu rabu a bakin gari. In je in durƙusa, Inna ta amsa wa ƙwarya, a ba malamin ga fura, in sha in tashi. Shi kuma yana can yana taya goron da ba zai saya ba. In na tambaye shi a hanyar dawowa ko ya samu, sai ya kawo zancen tayar kekena da ke sacewa. Har na fara zargin yawon kasuwa kawai yake so, ga mai goya shi kyauta.

Saura kwanaki kaɗan in tafi ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure da hantsi, ya jingina wani katako da bai fi faifai biyu girma ba, ya juya shi wajen haske. Ga mace zaune a bayan ƙwaryar nono. Ɗankwalin na Inna ne, tsagar gefen bakin tata ce. Amma ludayi yana tsaye a sama, ta manta da shi a hannu. A gefe ga hannun wani mai saye da kwano yana jira, ba ta san da shi ba. Ta ɗan miƙa wuya, idonta yana bin wani abu da ke yin nisa, ƙasan idon ya ɗan tattare, leɓɓanta a buɗe kaɗan kamar mai addu’a a ɓoye. Ban taɓa ganin so ƙarara haka a fuskar ɗan Adam ba, kuma ban san matar ba.

Raina ya ɓaci. Na ɗauka tausayina ya ji ya ƙaga mini uwa.

“Labbo, wagga ai ba Inna ba ta,” na ce.

“Ita ta,” ya ce, yana wanke buroshi bai ko ɗago ba. “Kai na ba ka taɓa ganin ta ba. Bayanka taka yi ma wanga kallo. Tun daga inda kat tashi har ka sha kwanar masu gishiri, ba ta sayar da nono.”

Na ce to abu mai sauƙi ne, kasuwa mai zuwa zan yi kamar na tafi in juyo da sauri in gani da idona. Nan ne ya ajiye buroshin. A duk zamanmu ban taɓa ganin ya ɗaure mini fuska ba sai ranar. Ya ce in na juyo na kama ta, kunya ba za ta bar ta ta sake ɗaga ido ta bi ni da kallo ba har ta mutu. Ni zan ga abin sau ɗaya, ita kuma ta rasa shi gaba ɗaya, alhali shi kaɗai al’ada ta bar mata. Ya ce in zaɓa, ko in yarda da katakonsa, ko in ƙwace wa tsohuwa abinta.

Na ɗauki zanen na koma Gummi, rabin zuciyata ta yarda, rabi tana cewa mai fenti ai mai fenti ne. Wadda ta raba gardamar ita ce Goggo Ladi, yayar Inna, da ta biyo ta gidana a hanyarta ta zuwa asibiti. Ta shigo ɗaki tana gaisuwa, idonta ya faɗa kan katakon. Gaisuwar ta tsaya. Ta ƙarasa da sauri ta juya shi ya fuskanci bango, sannan ta juyo kaina.

“Wa yay yi wanga rashin kunya?” ta ce. “Mace ta ɓoye abinta shekara da shekaru, a zo a shimhiɗa shi ga katako kowa shi gani?”

Ba ta ce ba Inna ba ce. Ba ta ce ƙarya aka yi mata ba. Faɗa ta yi ta yi a kan an tona asiri, ni kuma ina durƙushe ina ba ta haƙuri. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Amma daɗin bai daɗe ba, don na san Goggo ba ta iya riƙe magana. Kafin kasuwa ta zagayo labari ya kai ruga. Na je sallama ta ƙarshe. Inna ta amsa wa ƙwarya kamar kullum, aka ba malamin ga fura, aka ƙara masa da man shanu a ƙaramin kwano wai saboda hanya. Na tashi na kama tafiya. Daga wurin masu nono zuwa kwanar masu gishiri ba wata tafiya ba ce, amma ranar wuyana har ciwo ya yi saboda riƙe shi da na yi. Ban waiwaya ba. Daga baya na roƙi Labbo ya koma ya duba mini ko har yanzu tana yi. Ya ƙi. Ya ce ya gani an wuce wurin, ba zai mayar da kansa mai leƙen tsohuwa ba.

Yau in na ga yadda hoto ya zama ruwan sha, nakan tambayi kaina me Labbo zai ce. Jikata takan ɗauke ni da waya, ta latsa wani abu, sai ga ni babu tamoji ko ɗaya, kamar an goge ni da dutsen guga. Da ana ɗaure fuska a gaban mai hoto, yanzu ana washe baki, kowa da irin murmushin kowa. Ina jin zai ce rigar Sallar ce dai, ɗinki kawai aka sake. Ba na jin zai zagi waya, don shi mutum ne mai son sabon abu. Abin da zai dame shi shi ne yanzu babu wanda ke manta ana kallonsa.

Na kuma san inda zai je ya zauna da goronsa. Rugar su Inna ta watse tuntuni saboda ’yan bindiga, kamar sauran da yawa a yankin, kuma hanyar da muke bi da keke muna raha yau sai da addu’a ake shigarta. A Zugu da ƙauyukan da ke kewaye, in saurayi ya hau babur zai tafi gona, uwarsa takan fito bakin ƙofa ta tsaya har ƙurar ta kwanta, don ba ta da tabbacin zai dawo. Manoma ne ko makiyaya, kallon iri ɗaya ne. Masu ɗauko mana hotunan abin da ke faruwa sukan nuna gidajen da aka ƙone da mutane a jere suna kallon na’ura. Da Labbo na nan, a bayan mai babur zai tsaya, ya ga abin da ke fuskar wadda aka bari.

Bai yi tsawon rai ba. Na dawo daga Zariya na same shi yana tari, ƙamshin fenti da kananzir na shekaru ya taru masa a ƙirji, in ji masu gani. Ya rasu kafin shekarun tamanin su ƙare, ya bar matarsa Hajo da ’ya’ya uku, babu wanda ya gaji buroshi a cikinsu.

Ranar addu’ar uku ina tsakar gida ina taya su shimfiɗa tabarmi, don ni ɗan gida ne, sai ga wata tsohuwa ta yi sallama da ƙwarya a ka. Inna ce. Ba ta taɓa magana da Labbo ba ko sau ɗaya, ba ta san kowa a gidan ba, kuma daga ruga zuwa Anka ba nan kusa ba ne, ga damina. Ta gan ni, ta kawar da kai kamar yadda ta saba. Ta sauke ƙwaryar a gaban Hajo ta zauna.

“Allah shi jiƙan mai gidanki,” ta ce. “Ya taɓa kai min saƙo.”

Hajo ta share ido ta ce, “Wane saƙo, Inna?”

Inna ta gyara faifan da ke kan ƙwaryar, ta ce, “Wanda anka kai ma ya sani.”

Na ajiye tabarmar na fita zaure, don kada in kunyata ta da hawayena. Ba mu taɓa tayar da maganar ba, ni da ita, har Allah ya karɓi ranta shekaru bayan haka. Sunana kuma bai taɓa fita daga bakinta ba.

In aka tambaye ni me ya rage na Labbo, ba shi da yawa. Motocin da ya yi wa ado sun zama tsohon ƙarfen da ake sayarwa a kan awo. Allon Ɗan Ige gara ta cinye shi. Na ji ana cewa akwai zanensa biyu ko uku a wasu gidaje a Bukkuyum, a ƙasan gado, magada ba su san wanda ya yi ba. Bai bar almajirin sana’a ba, bai bar dukiya ba. Abin da ya bari shi ne, ya iya ganin abin da mutum ya ɓoye, kuma ya san wanda ya kamata ya nuna wa da inda ya kamata ya tsaya. Na ga masu zane da suka fi shi hannu, ban ga wanda ya fi shi wannan ba. Allah ya jiƙan Labbo, ya jiƙan Inna, ya kyauta namu zuwan.

Katakon yana nan a wurina. Fentin ya tsattsage, hannun mai kwanon nan ya kusa gogewa, amma idon yana nan yadda yake. Yara sun sha cewa in kai a gyara, na ce a bar shi. Na rataye shi a soro, yana fuskantar ƙofar fita. Duk safiyar da zan bar gida bayana yake kallo, kuma har yau ba na waiwayawa.